Abin da Rahama ta gano a rijiyar Baba

Dinawa, Wurno,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Halliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Sauda da yara duka, ya sa albarka ga kasuwa, ya tsare ku can Fatakwal cikin ƙasar mutane. Mu nan gida lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Inna ƙafar ce dai ke taɓa ta lokaci-lokaci, amma tana dogara sanda ta fito har zaure. Ɗana Mujaheed ya ɗebe albasarsa ta fadama, ta yi kyau bana, kuma matarsa Adama ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, anka sa mata Khadijatu. Zafi kuwa ba sai na gaya maka ba, ka san halin bazararmu.

Na san za ka ce mi ya kawo takarda alhali ga waya. To, sau uku ina kiranka da niyyar in faɗa maka wagga magana, sai mu ɓuge da labarin kasuwa da na mutanen gari, mu yi sallama ban faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ba Faruk direba da zai ɗauko lodin albasa ran Jumma'a. Ka karanta a natse, don akwai abin farin ciki a ciki, akwai kuma abin da nake roƙo gare ka.

Maganar ɗiyarka ce, Rahama tawa. Ka san tun da ta ƙare makarantar kiwon lafiya take aikin duba-gari a Wurno. Bara waccan anka zaɓe ta ta tafi Zariya kwas na wata tara, kan yadda ake tafiyar da ruwan dattin gida, da salga, da ramin sokawe da ke shanye ruwan bayi, da kuma tsaron rijiyoyin cikin gidaje. Ni da na ji, dariya na yi. Na ce mata shekara talatin da huɗu ina ginar rijiya da salga, ubana ma aikinsa ke nan, in ilimin rami take so ai ba sai ta hau mota zuwa Zariya ba. Ta yi murmushi kawai ta ce in sa mata albarka. Da ta dawo sai ga ta da bincike da malamanta sunka ɗora mata: ta bi rijiyoyin gida a Wurno da Rabah da Goronyo, rani da damina, ta auna nisan kowace da salgar gidan, ta auna zurfin ruwa, ta ɗebi ruwan ta gwada. Halliru, yarinyar nan ta sha wuya. Mijinta Sa'adu shi ke goya ta a babur in ba ya makaranta, daga Marnona zuwa Magarya har ƙauyukan bakin dam. Wasu gidajen a karɓe ta hannu biyu, wasu a ce ba a shiga, sai ta zauna da matan gida ta lallashe su. Rijiya ɗari da goma sha bakwai ta bi haka.

Tana da wasu ƙananan kwalabe masu ɗan magani a ciki. In ta zuba ruwan rijiya ta rufe ta ajiye kwana biyu, in ruwan na da tsabta zai zauna yadda yake, in kuwa ƙazantar bayan gida ta shiga cikinsa sai ya koma baƙi ƙirin. Duk wanga yawo da take yi, rijiyar gidanmu ba ta taɓa ba. Daga baya ta gaya wa uwarta Habi cewa tsoro take ji, don idonta ya riga ya auna nisan ba tare da igiya ba. Sai da daminar bara ƙaramar Sadiya ta Mujaheed ta kwanta da gudawa da amai, har anka kai ta asibiti anka ƙara mata ruwa leda huɗu, muna ganin kamar ba za ta tashi ba. Ka tuna kowace damina yaran gidan nan sai sun yi wanga ciwo, mu ce sabon ruwa ne ko ɗanyen tumu sunka ci. Ranar da anka sallamo Sadiya, Rahama ta zo ta jefa guga da kanta.

Bayan kwana biyu ta iske ni zaure da hantsi ina gyaran igiya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye kwalbar gabana, baƙa kamar tawadar allo. Ta ce ruwan rijiyar Baba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata rijiyar nan kakanta Attahiru ya gina ta tun ba a haifi uwarta ba, unguwa duka nan take ɗiba saboda daɗin ruwanta, ba wata kwalba da za ta zo ta ɓata mata suna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce rijiyar ba ta da laifi, aikin Kaka yana nan da kyaunsa. Ta ce bayin zamani mai ruwa da anka yi a sashenka shekara shida da sunka wuce shi ne mai laifin, ramin sokawensa taku goma sha ɗaya ne kacal da rijiya, yana ta wajen tudu, kuma an zurfafa shi har ya kai yashi mai danshi. Ta ce ƙasar da ke tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa ita ke tace ƙazanta, in rami ya kai ruwa to babu sauran abin tacewa. Halliru, ka san wa ya gina wanga rami. Ni ne. Kuma zurfin nan shi nake alfahari da shi, ina gaya wa mutane jikokinmu ma ba za su ga cikarsa ba.

Kwana uku ban yi mata maganar ba, ita ma ba ta sake tayarwa ba, sai dai ta sa Habi da Adama tafasa ruwan sha. Rana ta huɗu na kasa haƙuri. Na sa Mujaheed da maƙwabta biyu sunka riƙe mini igiya, na sauka rijiyar, ni da na bar shiga rami tun shekara huɗu saboda baya. Ina kai gaba huɗu na gani da idona. Ta ɓangaren sashenka ginin dutsen ya jiƙe, wani ruwa mai duhu yana tsattsafowa tsakanin duwatsu yana gangarawa, ɗayan ɓangaren kuwa a bushe. Na shafa na shinshina, ba sai an kawo kwalba ba. Da na fito na daɗe zaune bakin rijiya ina tuna Sadiya da allura a hannunta. Na aika anka kira Rahama, na ce mata gaban uwarta da yayanta ita ce da gaskiya, ta faɗi abin da za a yi in bi. Sai ta fashe da kuka, wai ita ba ta so ta kunyata ni ba. Na ce kunya ɗaya ce, a ce ɗan maginin rijiya ya ga ruwa ya lalace ya rufe ido. Tun ranar munka rufe rijiyar da bayin duka, muna ɗiba a famfon burtsatse na bakin masallaci.

Abin da ya fi faranta mini rai ya faru bayan kaka. Ita da wani malaminta sunka shirya horo na kwana uku a Goronyo don maginan rijiya da magina masu yin sokawe, mu wajen arba'in. Na tafi na zauna kan benci da biro da littafi kamar ɗan firamare, ɗiyata na tsaye gaban allo. Ran farko wani dattijo daga Rabah, Yari sunansa, magini ne da anka sani, ya miƙe ya ce shi yana da tambaya guda: malama ta taɓa shiga rijiya? Ta ce a'a Baba, ba ta taɓa ba, ita saman ƙasa ta sani da abin da kwalba ta nuna mata, amma akwai wanda ya san ƙarƙashin ƙasar nan tun daga Dinawa har bakin Rima, kuma yana zaune benci na uku. Ta roƙe ni in tashi in gaya musu inda ake iske laka, da inda yashi ke somawa tun gaba biyu, da inda marmara take. Na tashi, da na soma sai bakina ya buɗe. Na ba su labarin raminmu ban ɓoye komai ba. Kafin in zauna Yari da kansa ya ce shi ma ya san gida uku a Rabah da ya yi irin wanga aiki, a rubuta sunayensu a je a gwada.

Ashe duk tambayoyin da take yi mini da yamma kan ƙasar garuruwa rubutawa take yi. Ta haɗa da awonta ta zana taswira, inda ya kamata a nisanta salga ƙwarai, da inda rami ba zai wuce gaba ɗaya da rabi ba. Abin da ta gano shi ne a ƙasar fadama zurfin rami ya fi kusancinsa ɓarna. Ta nuna mini littafin binciken, ga sunana Iliyasu Attahiru Dinawa a ciki, cikin waɗanda anka ɗauki ilimi gare su. Ran ƙarshe anka ba mu takardar shaida, tawa da sa hannunta a ƙasa. Yanzu an gayyace ta Abuja wata mai zuwa ta yi bayani gaban masana, kuma malamanta na son ta koma ta ƙara karatu. Sa'adu ya yarda, Allah ya yi masa albarka. Ni ma aikina ya canja. Makon jiya a Magarya wani mai gida ya nuna mini inda yake son rijiya, na auna na ce ba nan ba, ya yi fushi ya ce zai nemo wani. Wanda ya nemo ɗin benci ɗaya munka zauna a Goronyo, shi ma abin da ya gaya masa ke nan.

To ga roƙona. Rahama ta ce rijiyar Baba za ta gyaru. Sai an kwashe ramin an cike shi da laka, a liƙe ginin rijiyar da siminti daga sama zuwa gaba biyar, a yi mata daɓe da murfi, a yashe ta a sa magani, sannan a riƙa gwadawa har kwalba ta daina baƙi. Wanga duk aikina ne, zan yi da hannuna. Amma gida na buƙatar sabon bayi, don tsohuwar salgar sashena ta kusa cika, kuma mun auna ko'ina, wuri ɗaya ne ya yi nisan da ake so ta wajen gangare: kusurwar filinka na bayan gida, inda ka ce za ka gina ɗakin da za ka zauna in ka bar fatauci. Ramuka biyu ne marasa zurfi, ana aiki da ɗaya in ya cika a koma ɗayan. Za su ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu na filin. Na san burinka a kansa, shi ya sa ban sa ko diga ba sai da izininka. In ka yarda, ina so a gama kafin ruwa ya sauka. In ba ka yarda ba, ba komai tsakanina da kai, za mu ci gaba da famfo.

Inna tana gaishe ka. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta gaya mata jikarta tana ganin abin da ke cikin ruwa wanda ido ba ya gani. Amma ta ce in rubuta maka, ruwan famfon nan tana sha ne don an ce ta sha, ba ya kashe mata ƙishirwa, kuma tana fatan ta sake kurɓar na rijiyar mijinta tun tana da sauran kwana. Habi na gaida Sauda, Mujaheed da Adama da Sa'adu na gaishe ku, Sadiya ta warware har ta yi ƙiba. Rahama ta ce a gaida Baffanta, ya yafe mata in igiyar awonta ta shiga filinsa. Ka ba Faruk amsa ko ka kira ni, yanzu bakina zai iya maganar.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka,
Iliyasu Attahiru, Dinawa.