Layin Ɗakin Shan Magani da Aka Rufe Daga Ikko

Zuwa ga Babban Manajan kamfaninmu na jimar fatu, Challawa, Kano.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Habu Zawaciki, mai kula da ɗakin shan magani na ma'aikata. Na rubuto a fili ne domin takardun da na kai ofishinku sun shiga, ba su fito ba.

1. Bara kuka sallami Talatu mai haɗa waya, kuka kafa akwatin da ke rarraba layukan tarho da kansa. Aka ce wani injiniya a Ikko ne ke saita shi, yana kuma kallon kowane layi daga kujerarsa. Muka yi murna, mun sami mai lura da mu.

2. Injiniyan ya duba ya ga layina ba ya motsi, sai ya rufe shi don tsimi. Gaskiyarsa ce, ba na kiran kowa sai jini ya ƙi tsayawa. Layin kicin da ake odar burodi da shi kullum, an bar shi. Ba wanda ya gaya mini. Tarhon na nan bisa tebur, ina goge shi kowace safiya.

3. Bayan ƙaramar salla injin kankare fata ya kama hannun daman wani ma'aikacinmu, Sabo, mutumin Ringim. Na ɗaure hannun, na ɗaga tarho in kira motar asibiti, na ji shiru. Na ruga ofis, a kulle, an tafi azahar. A baro muka tura shi bakin titi, muka tsaya jiran mota. Likita ya ce da mun zo da wuri da hannun ya tsira.

4. Da na yi magana aka nuna mini rahoton Ikko, wai ranar duk layuka lafiya lau suke. Na yarda. Layin da aka rufe ai ba ya lalacewa.

Raina ya ɓaci, har yau ban huce ba. Injin nan yana aiki, tarhon kuwa shiru yake.

Ina roƙo a buɗe layin. Kafin a sake rufe wani, a tambayi wanda ke zaune kusa da shi. Sabo kuma a ba shi aikin da mai hannu ɗaya zai iya, yana da iyali.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare muku gaɓoɓinku. Sabo ya ce in isar da gaisuwarsa gare ku da injiniyan, amma a gafarce shi, da hagu yake miƙo ta.

Wassalam.
Habu Zawaciki