Ba Ruwan Saman Zandam Ba Ne

Inna,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko da ranki ma sai an karanta miki. Amma maganar ta ƙi zama a cikina.

Mutan gida lafiya, riɗi ya yi kyau bana. Na haihu bayan rasuwarki, mace, sunanki ta ci, muna kiranta Ummi. Kwanakin baya mura ta kama ta, sai ga ta tana jan numfashi da ƙyar, haƙarƙarinta yana lotsawa. Inna, ƙanena Auwalu na gani sak. Ina ƙarama amma ban manta ba. Kin goya shi zuwa gona, ruwa ya dake ku a hanyar Zandam, sai mura, sai rasuwa. Aka ce sanyi ne ya shige shi, kika ɗauki laifin kika riƙe har kabari. Shi ya sa duk jikan da ya shigo hannunki sai hula da safa ko da bazara, muna ta yi miki dariya.

A asibiti a Birnin Kudu aka sa wa Ummi robar iska a hanci. Na tambayi likitar ko wankan safe ne ya jawo. Ta ce ƙwayar cuta ce, daga tari da atishawa da hannun masu ɗaukar jariri. Wai tun bayan korona masu bincike a duniya suka ƙara duƙufa kan murar yara. Ashe ba iri ɗaya ba ce, akwai wadda babba zai sha kamar wasa, jariri kuwa ta toshe masa ƙirji. Har allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki sun samo, sai dai ba ta iso mu ba tukuna. Haushi ya kama ni, don yaranmu ne suka fi mutuwa da ita.

Kin ji, Inna? Ko a ɗaki kika bar Auwalu, murar tana iya samunsa. Me ya sa ba a sami mai gaya miki ba?

Ummi ta warke, tana shan nono. Da muka dawo na gaya wa Baba, ya sa na maimaita masa. Sai ya ɗauki sandarsa ya nufi maƙabarta wurinki. Ni mace ce, ba halin in bi shi. Na tsaya a bakin zaure ina kuka har ya sha kwana.

Allah ya jiƙanki, ya sada ki da Auwalu.

'Yarki,
Rabi