Itacen da ba a cin 'ya'yansa

Unguwar Jarwal, ƙasa mai tsarki, daren 16 ga Zulhajji, 1356

Yau wani alhaji ɗan Japan ya kawo mini jakarsa in ɗinke. Sauri yake yi kada jirgin Jidda ya bar shi. Na ɗauka wani nasa ne ba lafiya, ashe wai fure zai je ya tarar.

Ya nuna mini hoton wani dutse a ƙasarsu, Yoshino, itatuwa sun yi fari fat, mutane sun shimfiɗa tabarmi a gindinsu da kwanukan abinci. Da guntun Larabcinsa ya ce kwana kaɗan furen ke yi ya zube. Na ce, "Ya Hajj, 'ya'yan fa, yaushe suke nuna?" Ya yi dariya, ya ce ba a ci. Kallo kawai suke zuwa yi.

Na ba matata Rabi labari muna cin tuwo, ina cewa mutanen nan ba su da aikin yi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, yanzu fa ɗorawar bayan gidanku can garinmu ta yi fure."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Shekara ashirin ina wucewa ta gindinta, kalwar daddawar Inna kawai nake jira. Ban taɓa zama na dube ta ba. Inna tana Sawakin, inda muka binne ta a bakin teku a hanyarmu ta zuwa nan.

Na rufe ido ina neman furen. Jan na tuna, ƙamshin ya ƙi zuwa.