Tukunyar Shayin da Haji Nurullahi Ya Bar Mini

Malam mai ba da shawara, ka taimaki tsoho da abin da Allah ya sanar da kai. Daga Jarwal nake rubutowa, a nan Makka, kuma wani alhajin Zariya ne zai kawo maka takardar. Ka yi haƙuri da rubutun tsoho.

Ina saurayi na baro gida a ƙafa, na shekara da yawa a Sudan kafin in ƙetaro teku. Matata Saudatu ta rasu tuni, Allah bai ba mu haihuwa ba. Wanda ya rage mini shi ne Lurwanu, ɗan ƙanena, yana leƙo ni ran Jumma'a in aiki ya bar shi.

Na yi wani maƙwabci, Haji Nurullahi, Musulmi mutumin Ƙazan a ƙasar Rasha. Ya gudo ne sa'ad da aka rufe musu masallatai, da shi da matarsa da 'yarsu Gulsum, wadda nake kira Kaltume. Cikin abin da ya iya fitowa da shi akwai samawar, wato tukunyar shayinsu ta tagulla, mai bututun gawayi a tsakiya da ɗan famfo a gindi. Ya ce sun bar bargo a hanya, amma ita ba su bar ta ba.

Kullum bayan la'asar sai ya hura ta. Yakan kifa wani tsohon huffi na fata a bakin bututun yana dannawa kamar zugazugin maƙeri, ni kuwa in yi ta dariya. Ya ce haka duk Rasha ake yi, Musulmi da Nasara. Shayi mai ƙarfi yana cikin 'yar buta a samanta, a zuba kaɗan, a cika da ruwan zafi daga famfo. Ba sa jefa sukari a ciki, sai dai mutum ya riƙe gutsure a haƙori, ya juye shayin a faranti, ya tallafe da yatsu yana hurawa yana kurɓa. Ga tawul a wuya saboda gumi, a zafin Makka kuwa! Ranar farko na sha har cikina ya yi kamar salka, don ban san cewa in ba ka kife kofinka a kan faranti ba, ƙara maka za a yi ta yi. Larabcinsa gurgu ne, nawa ma ba lafiyayye ba, amma mun shekara ashirin da wani abu a haka. Wani lokaci sai mu saurari tukunyar tana kuka a hankali. Yakan ce waƙa take yi.

Bara ya kwanta ciwo. A zamanmu na ƙarshe, a gaban masu dubiya, kofi ɗaya ya sha ya kife, ya nuna samawar, ya nuna ni. Bayan kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Ga damuwar. Kaltume tana aure a unguwar Misfala, nan cikin Makka, tana da 'ya'ya. Ta zo ta durƙusa tana kuka, ta roƙe ni tukunyar. A al'adarsu uwar gida ce ke zama kusa da ita tana zuba wa kowa, kuma ta kakarta ce, ta ga uwarta, Allah ya jiƙanta, a wannan mazauni. Lurwanu ya ce kada in bayar, kyauta kyauta ce, kuma an yi a gaban mutane. Ni kuma, Malam, ba na iya ɗaga ruwan da za a cika ta. Na gwada sau ɗaya, gawayi ya zubo mini a ƙafa. Ko da na iya, ba a hura samawar don mutum ɗaya. Tana nan a kusurwa, sanyi ƙalau, da kofinsa da nawa a gefenta, ina goge ta da toka ina ganin fuskata a jikinta. In ta fita daga ɗakin nan, ban san abin da zan riƙa kallo bayan la'asar ba. In na riƙe, ina jin kunyar yarinyar da na goya a kafaɗa. Me zan yi?

Tsoho mai kofi biyu, Jarwal

AMSA

Baba, Allah ya jiƙan abokinka, ya jiƙan Saudatu. Na karanta takardarka har na ji kamar ina zaune a tabarmar nan taku.

Lurwanu bai yi ƙarya ba. An ba ka, kuma ba wanda zai kira ka azzalumi don ka so abin da ke tuna maka da amini. Sai dai kyautar da aka yi a ciwon ajali tana da hukuncinta a shari'a, kuma malamai ba su yi maka nisa ba, ka tambaya don zuciyarka ta kwanta. Kaltume ma ba kwaɗayin tagulla ya kawo ta ba. Ita ba ta da ƙasar da za ta koma, ba ta da kabarin kakanni da za ta ziyarta. Abin da ya rage mata na gidansu ke nan.

Amma ni ina ganin ba don ka mallaki tukunya Haji Nurullahi ya nuna ka ba. Mutumin da ya san ba a hura ta don mutum ɗaya, ya kuma san kai kaɗai kake, tsoronsa shi ne ka rasa wurin zama bayan la'asar. Tukunyar da ke kusurwa ba ta biya masa wannan bukata ba.

Shawarata ita ce ka ba ta, amma kada ka aika. Ka sa Lurwanu ya samo abin hawa, ka kai da kanka, har da huffin. Ka gaya wa Kaltume da mijinta ƙarara cewa kana son wurinka a gefenta, ko da sau biyu ne a mako, kuma su san yadda za a riƙa ɗauko ka. Kada kunya ta hana ka faɗa. 'Ya'yanta ba su san kakansu sosai ba, kai ne ka san yadda yake dariya da yadda yake danna huffi. Su ma suna bukatarka. Ka riƙe kofin abokinka a ɗakinka, wannan ba wanda zai yi maka gardama a kai.

In ta zuba maka, Baba, ka sha, ka miƙa a ƙara. Kada ka yi saurin kife naka. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka daɗe kana jin waƙarta.