Ranar da Na Yi Langa da 'Yan Kance

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Mushe Sallau, malaminmu na wasanni, ya zaɓi 'yan langar da za su kara da 'yan garin Kance. Babu ni. Na kama ƙafa ɗaya ta baya, na yi tsalle biyu, gwiwa ta lanƙwashe, sai ga ni a ƙasa. Bawa, ɗan ajinmu, ya ce a kawo amalanke a kwashe buhun gero. Na taya su dariya, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na tare Mushe. Ya ce, "Abdulrazak, nauyinka ya fi ƙarfin cinyarka. Kana dira da ƙafa a sandare, gwiwa na faɗawa ciki. A haka wata rana za ta tafi." Ya ce in nemi abu gajere in riƙa dirowa daga kai, gwiwa a karye, ba ƙara. In na iya, zai sake duba ni.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kife tsohon turmin kakata Hajiya Hajara. Dirowar farko kaji suka watse. Ta leƙo ta ce, "Angona, gidan za ka rushe mini?"

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Cinyoyi kamar an yi mini duka. Hawa matakalar masallaci ma aiki.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Rigima da Hajiya. Na rage tuwo, na daina shan lemo, ita kuwa ta ce mutane za su ce ba ta ba ni abinci tun da Baba ya tafi cin rani Kano. A wurinta jiki shi ne rufin asiri. Na kama ta tana tura man shanu ƙarƙashin miya, mu'amalar ɓarayi sak. Muka shirya: ta bar man, ni in cinye wake.

Yau na diro bayanta tana tsince shinkafa, ba ta ko waiwaya ba. Ba ta ji ba!

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mushe ya sa ni. Ni zan tare wa Bawa hanya, shi ne ruwanmu, wanda in ya kai gaci mun ci. Ikon Allah, mai tsaron Bawa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Jiya mun ci Kance! Wani dogo ya nufo Bawa da gudu, na shiga tsakani. Na tashi, na dira, gwiwa ta tsaya daram. Ya bangaje ni da kafaɗa, shi ya zube. Na biyu ma haka. Bawa ya wuce ya sha. Ya dawo yana ihu, ya ce zai ɗaga ni, ya kasa, muka faɗi tare. Daɗi kamar ya kashe ni. Har yanzu ni ƙato ne, sai dai ƙafar ta zama tawa.

Ƙanwata Najaha ta nuna mini hoton da ta ɗauka. Ashe ba riga a jikina, gaban duk mutanen garinmu Matameye. Rabona da tuɓe riga a gaban mutane tun ina firamare. Zafi ne ya sa, ba wani abu ba.

Ko da yake jiya sanyi aka yi.