Guraben da Kwamfuta Take Mantawa

Bukkuyum, daren Laraba, Agusta 2006

Yau ma kwamfutar asibiti ta tsaya. Mata sun cika baranda da goyo, Hajiya Kulu, shugabar masu jinya, tana tsaye a kaina tana jiran sunayen yaran da za a yi wa rigakafi.

Na dai gano matsalar. Duk bayanin da muka goge yana barin gurbi, amma wurin da na ware a ƙwaƙwalwar na'urar don tuna guraben ya yi kaɗan. Sai ta manta da su, ta yi ta cin sabon wuri har faifan ya kusa cika. Da na ƙara wurin, sai ta ƙi tashi, don ƙwaƙwalwar guda ce, kowane aiki daga cikinta yake ɗiba. Dole na mayar yadda yake.

Hajiya ta ce, "Malam Bello, matan Zugu ba za su sake hawo babur gobe ba."

Sunayen ba su fito ba, wasu matan suka tafi ba a yi wa yaransu allura ba. Inna ta ajiye mini tuwo, na kasa ci. Gobe sai na rage wa wani aikin rabonsa na ƙwaƙwalwar na'urar, kuma har yanzu ban san wanne zan taɓa ba.