Wardin Layi na Tara

Robertson, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Elsabe,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu dai lafiyar jiki ce kawai muke da ita. Ba doguwar gaisuwa ta sa na ɗauki biro ba.

Ke yanzu ko kunya ba ki ji ba? Kin cika bas da baƙi 'yan yawon buɗe ido ashirin da biyu, kin zaga da su gonaki uku suna kurɓar giyar inabi suna tofarwa, sannan kika ƙare da su a gonar da aka binne cibiyarki. Mama tun asuba take gashin burodi a kan garwashi, don an ce ƙungiyar 'yarta ce za ta zo. Ta ɗaura sabon ɗankwali. Da ta miƙo miki faranti, me kika ce? "Na gode, Anti." Anti! A gaban idona.

Wannan ma da sauƙi. Sai kika tsaya a bakin layin inabi na tara, kina nuna wardin da ke kan kowane layi, kina ce wa mutane wai wani Bafaranshe ne ya dasa su don matarsa, shekara ɗari biyu da suka wuce. Wane Bafaranshe? Baba ne, Elsabe! Shekara talatin da takwas yana dasa su, don fumfuna tana fara kama wardi kafin ta kama inabi. Kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juya ganye. Na layi na tara ranar da aka haife ki ya dasa shi. Mama tana tsaye a bayanki kina wannan ƙarya, baƙinki suna ta "ayya, soyayya".

Tun ranar ba ta ambaci sunanki ba.

Yayarki,
Jakoba

Cape Town, 10 ga Maris

Yaya Jakoba,

Na gaishe ki, ki gaida Mama in za ta amsa.

Kin wanke ni tas, to ni ma ki saurare ni. Labarin Bafaranshe ba ni na ƙaga shi ba. A rubuce masu gonar suka bai wa kamfaninmu, kowane jagora shi yake karantawa. Kina tsammanin daɗinsa nake ji a bakina?

Maganar Anti kuwa, ke ba ki san waɗannan mutanen ba. Bara abokiyar aikina ta nuna musu kakarta a wata gona. Suka yi mata caa, wannan ya rungume ta, wancan ya ce ta ɗaga hannuwanta a ɗauki hoton kantar da ke jiki, wata har ta ce ta buɗe baki ta yi dariya don giɓinta ya fito. Tsohuwa ta koma ɗaki tana kuka. Shi kike so a yi wa Mama? Na gwammace ta ji haushina da a mai da ita abin kallo.

Ku da kuke zaune kuna ganin kamar yawon shan iska nake yi. Raina a ɓace yake, Yaya, har yanzu.

Ƙanwarki,
Elsabe

Robertson, 17 ga Maris

Elsabe,

Muna gaisuwa.

Na karanta wa Mama wasiƙarki, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Da na gama ta ce, "Wa ya ce mata ba ni da bakin da zan ce kada a ɗauke ni hoto? Na kori mai gona daga kicin ɗina, baƙo ne zai gagare ni?" Ta ce hoto ana ɗauka a tafi da shi, amma ɗiyar da ta goya ta dubi idonta ta kira ta Anti, wannan a gida yake kwana.

Game da Baba kuma ta ce takarda aka ba ki, ba a ɗinke miki baki ba.

Jiya bayan an tashi daga coci ta ɗauki shebur. Na bi ta ina roƙo, ta ce in matsa. Ta tone wardin layi na tara har saiwa, ƙaya duk ta yayyage mata hannu. Wai tunda na Bafaranshe ne, ya zo ya dasa wani. Manajan gonar ya yi ta faɗa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Yana nan yashe a bayan ɗaki, ganyen ya fara laushi. Ni ma ina fushi da ke, amma na kasa kai shi juji.

Jakoba

Cape Town, 19 ga Maris

Yaya,

Don Allah ki tsoma saiwar a bokitin ruwa, ki ajiye a inuwa, ki rage rassan yadda Baba yake yi. Ina zuwa ranar Asabar, ni kaɗai, ba bas.

Ki ce wa Mama 'yar Abram Fortuin ce za ta zo dasa abin ubanta. In ta ga dama ta ba ni aron shebur.

Elsabe